Ranar da Likita Ta Ce Mu Zauna Mu Yi Magana

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwar goro na Sabo, Ibadan, ya gabatar a taron ƙungiya. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa.)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu, 'yan uwa maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya.

Da sakatare ya same ni a rumfa ya ce ana so in yi magana a kan jinya, dariya na yi. Na ce masa ni fa ba likita ba ne, ba kuma malami ba. Goro na sani, karatuna kuma bai wuce na Islamiyya ba. Ya ce ai dalilin ke nan, mutane sun ji ta bakin likitoci sun ji ta bakin malamai, saura ta bakin wanda ya kwana a bakin gado. To, shi ya sa kuka gan ni tsaye. In na yi kuskure malamai su gyara mini.

Da yawanku kun san Yayana, Allah ya jiƙansa. Shi ya ɗauko ni daga gida ya kawo ni Badun ina ɗan shekara 15. Shi ya koya mini bambanta daushe da sabon goro, da yadda ake shimfiɗa ganye a huhu, da yadda ake yi wa Bayarabe ciniki ba tare da an ɓata ba. A wurina uba ne. Har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da sunana ba, Auta yake ce mini, ga furfura a gemuna.

Wajen ƙarshen shekarar 2022 ya fara ramewa, idanunsa suka yi rawaya. Muka ce shawara ce. Aka jiƙa saiwa da sassaƙe, aka sayo ƙwayoyi a kemis. Da abin ya ƙi, muka kai shi wani asibitin kuɗi, ba sai na faɗi sunansa ba. Nan aka yi ta ƙarin ruwa, a sallame mu, bayan mako biyu mu koma, a sake ƙarin ruwa. Kuɗi na fita, ciki na kumbura, ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da ke damunsa. Mu ma, gaskiya, ba mu tambaya ba. Tsoron amsar muke yi.

Sai da aka tura mu babban asibitin koyarwa, wato UCH, aka ɗauki hoton ciki aka auna jini, sannan aka ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya yi nisa. Tushensa ciwon hanta nau'in B, wanda yakan zauna a jikin mutum shekara da shekaru ba tare da ya sani ba. Bari in ɗan ratse a nan: an ce mana duk 'yan gidan mu je a auna mu, muka je, kuma akwai allurar rigakafinsa. Wanda bai taɓa aunawa ba don Allah ya je.

Abin da muka fara yi shi ne ɓoye masa. Muka ce masa gyambon ciki ne. Daga nan aka shiga taron dangi, kuma kun san taron danginmu. Wannan ya ce a kai shi Indiya, wancan ya ce Masar. Wani ya bugo waya daga gida ya ce idan kuɗi ne matsala a sayar da gidan da ke nan Sabo, ai rai ya fi dukiya. Wani bawan Allah kuma ya zo da jarka, ya ce kwana 21 kacal ciwon zai fita ta fitsari, ya karɓi kuɗin da ya kai ribar huhu da yawa. Lokacin kuma ana tsakiyar wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, kuɗinka na banki amma ba ka iya taɓa su. Ni da kaina na fara neman mai sayen gidan. Ba don na yarda Indiya za ta warkar da shi ba. Don kada a ce Auta ya ga kuɗi ya bar Yayansa ya mutu. Ku ji wannan da kyau, domin rabin kuɗin da muke zubarwa a irin wannan jinya ba don majinyaci muke zubar da su ba, don bakin mutane ne.

Ana cikin haka sai wata likita, Bayarabiya, dattijuwa, ta ce tana son ganin wanda ke ɗauke da nauyin jinyar. Ta kai ni ofis, ta ja kujera, ta ce mu zauna. Da ta ji ina jin Yarabanci sai ta ajiye Turanci. Ta fara tambayata me na fahimta game da ciwon. Na faɗa. Sai ta ce, "Alhaji, aikinmu iri biyu ne. Akwai fitar da cuta daga jiki, akwai kuma fitar da wahala daga majinyaci. Na farkon, a inda wannan hanta ta kai, ba mu da shi a nan, ba su da shi a Indiya. Na biyun muna da shi, kuma yana buƙatarsa tun jiya."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, kin yanke masa ajali ke nan? Ke ce Allah?" Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ban san ranar kowa ba, ko tawa ban sani ba. Abin da na sani shi ne kwana nawa ya yi bai yi barci ba saboda ciwo. Kai ma ka sani." Na yi shiru, domin mako uku ke nan Yaya yana kwana a zaune yana cije hannun riga don kada iyalinsa su ji nishinsa.

Ta ce akwai sashe a cikin asibitin wanda aikinsa ke nan, suna kiransa hosfis. Ni ban taɓa jin kalmar ba. Daga baya na yi ta tambaya har na gane. Wata mata ce a Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin jinya kafin ta zama likita, ta ga yadda ake watsi da marasa lafiya da zarar an ce ba za su warke ba. Ta buɗe gida na musamman dominsu a Landan a 1967. A Afirka kuma wata likita, Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a nan Najeriya, ta kafa irinsa a Yuganda a 1993, ta kuma yi ƙoƙari wajen samar da ruwan maganin ciwo mai araha wanda za a iya ba majinyaci a gida. Na nan Badun an buɗe shi a 2007, bisa jagorancin Farfesa Olaitan Soyannwo. Kun ji fa, shekara 15 da wani abu yana nan, daga Sabo ka bi ta Mokola ka isa, amma ni da nake wucewa ta ƙofar asibitin kullum ban san da shi ba.

Kada wani ya ɗauka gida ne da ake kai tsoho a ajiye a juya baya. Da haka ne da ban tsaya a gabanku ba, domin mu ba mu gaji wannan ba. Majinyaci yana gidansa cikin iyalinsa. Ana kai shi su duba shi su daidaita magani, in ya kasa fita su zo gida, su kuma koya wa masu jinya yadda za su yi.

Duk da haka ban amsa ba sai da na je wurin malaminmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, in na fasa sayar da gida na fasa Indiya, na yanke ƙauna daga rahamar Allah ke nan?" Ya ce neman magani abu ne mai kyau da shari'a ta kwaɗaitar a kai, amma ba a wajabta wa mutum ya bi maganin da masana suka ce ba ya da amfani ba, balle ya bar marayu a titi dominsa. Ya ce abin da aka haramta shi ne a ba majinyaci wani abu da niyyar gaggauta mutuwarsa. Rage masa raɗaɗi kuwa jinƙai ne, addu'a kuma ba a daina ta ba. Sannan ya yi mini tambayar da ta fi ta likita zafi. Ya ce, "Gidan naka ne ko nasa? Jikin naka ne ko nasa? To me ya sa kowa ya san maganar ban da shi?"

Na koma na gaya wa likita cewa ba zan iya faɗa masa da bakina ba. Ta ce ba sai na faɗa ba, in dai zauna kusa. Ta ce kuma a kira uwargidansa. Wannan ma darasi ne a gare mu maza. Mu ne muke shiga ofis mu ji bayani, mu fito mu ce "an ce da sauƙi", alhali matar da ke wanke shi, take juya shi, take ba shi magani da tsakar dare ba ta san komai ba. Hajiya ta fi ni sanin jikin Yaya nesa ba kusa ba, kuma tambayoyin da ta yi ranar ni ko a mafarki ba su zo mini ba.

Likita ba ta jefa masa maganar kamar dutse ba. Tambayarsa ta yi, ina fassarawa inda ya kakare: "Baba, kana so in gaya maka abin da muka gani, ko ka fi so in yi magana da ƙanenka?" Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, "Auta, tun yaushe za ku daina yi mini wasan yara? Gyambon ciki ne yake sa ka fita waje kana share ido?" Ashe ya daɗe da sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu muna ɓoye masa, shi yana ɓoye mana ya sani, kowa na ɗauke da kayansa shi kaɗai.

Yanzu maganar magani, domin a nan ne mutanenmu suke tirjewa. Ruwan mofin aka rubuta masa. Da na ji sunan na ce a'a. Mu da muka ga abin da kodin da tiramol suka yi wa yaranmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, yaya za a yi in ɗura wa dattijo abin maye a ƙarshen rayuwarsa? Likita ta ce ai wuƙar da mahauci ke aiki da ita, ita ce a hannun ɗan daba, bambancin yana ga hannu da niyya. Ta bayyana mini cewa tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsarin maganin ciwon daji hawa uku: a fara da mai sauƙi, in bai yi ba a hau na tsakiya, in ciwo ya yi tsanani a ba da mofin. Ta baki ake sha, kuma bisa agogo, ba a jira sai ciwo ya taso mutum yana murƙususu. Galibi duk bayan awa 4 ne, amma shi da yake hantarsa ta raunana sai ta rage awon ta kuma ƙara tazara. Ta ce idan likita ya auna shi daidai ba ya gajarta kwana. Ta hana mu sayo masa kowace irin ƙwayar ciwon jiki a kemis, domin wasunsu suna iya jawo zubar jini a ciki ko su taɓa ƙoda ga mai irin ciwonsa.

Abu biyu ta gargaɗe mu a kai, kuma duka mun gani. Kwana biyu zuwa uku na farko ya yi ta gyangyaɗi, har Hajiya ta tsorata, daga baya ya ware. Na biyu, mofin yana ƙulle ciki, saboda haka tare yake tafiya da maganin sassauta bayan gida, ba a raba su. Ga mai ciwon hanta wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in ciki ya ƙulle dattin yakan hau kai mutum ya rikice ya daina gane mutane. Kwalbar kuwa a akwatin Hajiya take da kwaɗo, mabuɗi a bakin zanenta, domin gida ne mai samari. Abin da ya rage bayan rasuwarsa na mayar musu da hannuna.

A dare na huɗu Yaya ya yi barci har aka kira assalatu. Aka kuma zuƙe ruwan da ya taru masa a ciki, numfashi ya sauka. An gaya mana ruwan zai dawo, ya kuwa dawo, aka sake zuƙewa. Ba wanda ya yi mana alkawarin ƙarya.

Abin da ya yi da wannan sauƙin shi ne dalilin zuwana nan. Ya ce in ɗauko littafi da biro. Kun san sana'armu, rabinta a baki take. Goro ya tafi Arewa a kan amana, kuɗi su dawo bayan wata biyu, ba takarda ba sa hannu. Kwana uku muna zaune yana faɗa ina rubutawa: wanda yake binsa a Shagamu, wanda yake bi a Kano, ajiyar wata tsohuwa da ke hannunsa shekara 9 wadda ko Hajiya ba ta san da ita ba. Ya sa aka kira mutum biyu suka shaida. Ya yi wasiyya, Malam ya tuna masa cewa ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Ya aika aka kira wani abokin cinikinsa da suka yi shekara 6 ba sa ga maciji, suka rufe ƙofa, suka fito idanunsu jawur. Ku gaya mini, da muna filin jirgin sama da shi a kan keken guragu, ko yana kwance yana birgima don ciwo, wa zai biya tsohuwar nan ajiyarta? Da yanzu yana kabari da nauyin mutane, mu kuma muna kotu da juna.

Sai babbar tambayar da ke kan kowane ɗayanmu a nan Kurmi: a kai shi gida ko a bar shi? Na tambayi likita kai tsaye. Ta ce in yana son tafiya, yanzu ne, tun yana iya zama a mota, za ta ba mu takarda zuwa asibitin da ke kusa da garinmu da maganin da zai ishe shi kafin a samu wani. Ta ce in muka ƙara mako uku ba ta ba da shawarar a motsa shi ba. Duk mun san waɗanda aka jira sai da jiki ya yi tsanani sannan aka shimfiɗa su a bayan mota, aka wuce Ilori, rai ya yi halinsa tsakanin Jebba da Mokwa, ba mai laƙƙana musu kalmar shahada sai direba da ɗan rakiya. Niyyar mai kyau ce, lokacin ne aka kuskure.

Na kai wa Yaya maganar yadda take. Ya yi shiru, can ya ce, "Shekara 45 ina Sabo. 'Ya'yana a nan aka yanke musu cibiya, abokaina suna kwance a maƙabartar nan. Ƙasar can ta Allah ce, ta nan ma ta Allah ce. Kuɗin motar ka aika a zo mini da Yaya Babba." Yayarmu ke nan da ke gida. Aka zo da ita, ta yi kwana 19 tare da shi. Ban ce kowa ya zaɓi abin da ya zaɓa ba. Wani zai ce a kai shi gida, kuma yana da gaskiyarsa. Amma a tambaye shi tun bakinsa na iya amsawa.

Kwanakin ƙarshe ma an shirya mu. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa gida ta ce zai daina son abinci, kada mu ɗura masa, domin kunun da aka tilasta yakan bi ta hanyar iska ya shiga huhu. Wannan ya yi wa Hajiya wuya ƙwarai, mace ce da ta saba nuna ƙauna da tukunya. Aka koya mata ta riƙa jiƙa masa leɓe da auduga, cokali ɗaya in ya nema. Na nemi a yi masa ƙarin ruwa, aka ce a halin da yake ciki ruwan zai tafi ciki da ƙafafu ne ya ƙara masa kumburi. Aka ce a juya shi duk bayan awa 2 don kada bayansa ya yi gyambo, muka raba dare tsakanina da 'ya'yansa. Salla yana yi a zaune, daga baya a kwance ta gefen dama, da taimama in ruwa ya gagara. An gaya mana numfashi zai canza, zai riƙa yin ƙara a maƙogwaro, kada mu ruɗe mu kwashe shi zuwa asibiti da tsakar dare, kuma mu ci gaba da yi masa magana domin mai yiwuwa yana ji.

Da lokacin ya zo, abin da muka karanta a Risala muna yara, a babin wanda mutuwa ta halarto, shi muka yi. Muka fuskantar da shi alƙibla, ina riƙe da hannunsa ina maimaita kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa. Bayan sallar asuba ne, a ɗakinsa, mako 11 daga ranar da likita ta ja mini kujera. Gidan yana nan, marayunsa na ciki.

Ranka ya daɗe, ina da roƙo guda biyu ga kwamiti. Na farko, a fitar da mutum huɗu ko biyar, maza da mata, masu jin Yarabanci ko Turanci sosai, waɗanda za su riƙa raka 'yan uwa wurin likita. Da yawa daga cikin mutanenmu, musamman baƙin da ke sauka daga Arewa, "to" kawai suke cewa su fito ba su ji komai ba. Mai rakiyar ya san abin da zai tambaya: wannan maganin warkarwa yake yi ko jinkirtawa? In ba a yi shi ba me zai faru? Nawa zai ci har ƙarshe, ba na yau kaɗai ba? Zai iya tafiya gida, kuma zuwa yaushe? Wa za mu kira in ciwo ya tashi da dare? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Na biyu, a cikin asusun da muke tarawa don likkafani da motar gawa, a ware wani abu don wanda bai riga ya mutu ba: katifa mai leda, keken guragu, kuɗin motar zuwa asibiti. Keken da muka saya wa Yaya da katifarsa suna nan a ɗakina, na ba ƙungiya, sakatare ya turo yaro gobe ya ɗauka.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.